Dubu Saba'in ɗin Inna

Ranar da aka raɗa wa ƙanena suna ita ce ranar sadakar bakwai ta mahaifiyarmu. Alhamis ce, cikin kaka, a shekararmu ta uku da shiga makarantar boko ta kyauta da aka buɗe a ƙauyenmu, can gefen Nasarawan Doya. Da sassafe aka yanka rago a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka ce sunan yaro Musa. Ko mace ɗaya ba ta rangaɗa guɗa ba, kuma kafin rana ta take kowa Talle yake ce masa, sunan da ake ba jaririn da uwa ta tafi ta bari. A murhu ana dafa naman suna, a turmin da ke gefe ana kirɓa gumbar sadaka, masu shigowa kuwa sun rasa da wadda za su fara, barka ko gaisuwar rashi. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ƙanwata Hanne tana da tara. Ni ina zaune a dokin ƙofar ɗakin Inna ina kallon takalmanta da ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukewa, ita kuwa Hanne tun asuba take goye da jaririn, zanin goyon ya zagaye ta sau biyu don ƙanƙantarta.

Bayan la'asar da mutane suka ragu, Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta juye ƙwaryar masara a kai, ta kira mu. Inna ba 'yar cikinta ba ce, suruka ce, amma ban taɓa jin ta kira ta da wani suna ba sai "'yar nan". Ta ce, "Mai tafiya da guzuri ake raka shi. Ba mu da shanu, ba mu da zinariya, amma muna da baki. Za mu yi wa 'yar nan hailala dubu saba'in kafin arba'in." A wajenmu haka tsofaffi suke yi wa mamacin da suke ji da shi: a faɗi La'ilaha illallahu sau dubu saba'in, a roƙi Allah ya kai masa ladan. Na ji wasu malaman yanzu suna jayayya a kan tushen abin, ni dai karatuna bai kai in sa baki ba. Abin da na sani shi ne a ranar, mu yara biyu da ba mu da abin da za mu yi wa uwarmu, an ba mu abin yi. Kaka ta lissafa mutum bakwai da za su ɗauka, har da Baba da Baffa da matarsa da wata 'yar'uwa da ta zo zaman makoki. Kafin ta rufe baki Hanne ta ce, "Dubu goma-goma ke nan." Amma washegari 'yar'uwar ta koma garinsu. Baffa da matarsa dawa na jiransu a gona, tsuntsaye na ci. Baba kuwa tun da aka dawo daga maƙabarta ba ya iya zama a tsakar gidan, ya kai wa malamai sadaka su yi sauka, ya tsere fadama wajen rakensa. Muka rage mu uku: Kaka, ni da Hanne.

Sai na faɗi wani abu game da Hanne, don kada a ce yarinya 'yar shekara tara ina ita ina dubu saba'in. Duk yaran unguwarmu muna wasan cika ko mara. Mutum ya damƙi gyaɗa a hannu ya tambayi abokinsa, in ya canka sai a baje a haɗa bibbiyu: in kowace ta sami abokiya cika ce, in ɗaya ta rage mara ce, wanda ya canka daidai ya kwashe. Mu don cin gyaɗar muke yi. Hanne in ta ci ba ta ci, sai ta koma gefe ta riƙa jera ta layi-layi a ƙasa. Ta gano cewa goma sha biyu ta yarda da layin biyu, da na uku, da na huɗu, da na shida, sai ta ce, "Wannan mai kirki ce, kowa nata ne." Goma sha uku kuwa duk yadda aka jera ta sai wani abu ya yi saura, haka goma sha bakwai, haka ashirin da uku. Irin waɗannan ta sa musu suna gwauraye, saboda wani gwauro da ke bayan gidanmu wanda kullum shi kaɗai yake cin tuwonsa. In mun tafi roron gyaɗa a gonar Baffa, ko muna tsaron shanyar barkono kada awaki su tattake, sai ka ji ta tana magana ita kaɗai, tana neman gwauron da ke gaba. A makaranta aji ɗaya aka zuba mu, a ƙarƙashin mangwaro, kowa da ɗan allonsa na alli a cinya. Ni nake gaba da ita a shekaru, ita take gaba da ni a komai. In malaminmu ya rubuta lissafin rabawa, ni sai in sunkuyar da kai in leƙa allonta, ita kuwa sai ta karkato mini shi kaɗan ba tare da ta dube ni ba.

To da muka rage mu uku, sai ta zauna a tabarmar nan da Talle a baya, ta ware ƙwayar masara saba'in, ta ce kowace ɗaya dubu ce. Ta nuna mana cewa lambar Inna cika ce, tana rabuwa biyu ba saura. Ta raba ta huɗu, ta raba ta biyar, ta raba ta bakwai, da takwas, da goma, duk ta yarda. Kaka tana taunar goro tana cewa, "Ji yarinya kamar mai awo a kasuwar Makarfi. Kai kuma maigidana, ko taka ƙwaƙwalwar duk ta tafi wasan langa?" Sai Hanne ta zo kan uku, wanda shi ne namu. Ta yi kashi uku, kowa ashirin da uku, ƙwaya ɗaya ta rage. Ta ce wannan dubu ce, a fasa ta, ta ɗauko tsakuwa goma a madadinta, kowace ɗari. Kowa ya sami uku, ɗaya ta rage. Ta sake fasa wannan zuwa goma-goma, kowa uku, ɗaya ta rage. Ta fasa goman ƙarshe zuwa ɗai-ɗai, kowa uku, ɗaya ta rage. Ta ɗaga kai ta ce, "Ba ta son uku. Ko ina aka bi da ita sai ɗaya ya yi saura." Rabon kowa ya kama dubu ashirin da uku da ɗari uku da talatin da uku, ga ɗaya a tsakiyar tabarma ba mai shi.

Kaka ta miƙa hannu ta ce, "Kawo nan, ɗaya ai ba kaya ba ne, in faɗe shi yanzu a huta." Hanne ta yi wuf ta rufe ƙwayar da tafinta. Ta ce, "A'a Kaka, na Talle ne. Shi ma uwarsa ce. In ya iya magana sai ya faɗi nasa." Kaka ta juya fuskarta wajen rumbu ta daɗe tana gyara ɗankwali. Da ta juyo sai ta ce to, Allah ya san da shi, ajiya ce, mu dai mu cika namu kafin arba'in. Hanne ta ƙulle ƙwayar a wani ɗan tsumma ta ɗaure a jikin zanin goyo.

Ita ce kuma ta tsara mana yadda za a ƙirga. Kaka ta so ta yi da carbinta, Hanne ta ce carbin 'ya'yansa casa'in da tara ne, dangin uku ne, ba za su shirya da wannan lamba ba, za a yi ta zagaye a ƙare da rikicewa. Sai kowa ya sami ƙoƙo biyu da ƙwayar masara ɗari. Kowace hailala ka matsar da ƙwaya ɗaya daga wannan ƙoƙo zuwa wancan. In ɗarin ta ƙare, ka ɗauki ƙwallon tsamiya ɗaya daga 'yar jakar da aka ba ka ka jefa a gwangwaninka. Ta ƙirga wa kowa ƙwallo ɗari biyu da talatin da uku, in sun ƙare sai a cika da talatin da uku a carbin Kaka. Kaka ta ƙara sharaɗi guda: ba a haɗiye harafi, ba a yi kamar ana koran kaji. "A hankali," in ji ta, "kamar kuna zuba mata ruwa a baki."

Kwanakin farko na yi da gaske, wannan kam zan iya rantsuwa a kai. In na dawo daga makaranta na yanko wa awaki ciyawa, sai in zauna a ɗakin Inna in yi ɗari biyar, wani lokaci har fiye, ina kuka ina matsar da masara. Amma zuciyar yaro ba ta daɗewa a wuri ɗaya. Aka fara matsar rake a fadama. Wanda bai ga wannan zamanin ba ba zai gane ba: doki an rufe masa ido yana zagaya injin, ana cusa rake ruwan na kwarara a garwa, manyan kasake na tafasa a kan wutar ɓawon rake, ƙamshin mazarƙwaila ya cika gari har cikin aji. Yara mukan yi dafifi a wurin, mu kora doki, mu tura wuta, a sallame mu da kankarar kasko mu lashe har haƙori ya yi ciwo. Daga nan a zarce farautar ɓeraye a gonakin da aka girbe, a dawo a kafa langa a dandali har a kira magariba. Abokaina in sun leƙo suka gan ni da ƙoƙo sai su ce, "Malam na Kaka, a sa mu a addu'a!" Wata rana suna jirana a zaure suna fito, na dubi jakata na ga kamar ba ta raguwa, sai na ɗebi ƙwallo biyar na zuba a gwangwani ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce gobe zan rama. Gobe na zuba goma. Daga baya na daina ƙirga abin da nake zubawa, damƙa kawai nake yi, har na rasa sanin nawa ne na gaskiya nawa ne na ƙarya. Kaka in ta girgiza gwangwanina ta ji nauyi sai ta ce, "Maigidana ya fi ku duka."

Hanne kuwa ta san tsawon ɗari kamar yadda ta san tsawon hanyar rijiya. Tana yi tana surfe, tana yi tana dama wa Talle kunu da nonon saniyar da wata Bafulatana ke kawowa, tana yi tana jijjiga shi, ta san abin da baki zai iya da wanda ba zai iya ba. Ba ta ce mini komai ba, ba ta kuma gaya wa Kaka ba. Sai dai na lura ta daina zuwa gaɗa, ta daina jera gyaɗarta, a aji kuma har gyangyaɗi take yi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Saura 'yan kwanaki a yi arba'in, da rana tsaka, na zagaya bayan rumbu neman danƙona na harbin tsuntsu, sai na same ta zaune da gwangwani biyu a gabanta. Ɗaya nata ne, ya kusa cika. Ɗayan sabo ne, da wata jakar ƙwallo daban da ta tsinto a gindin tsamiyar makaranta. Na ce wannan fa na waye? Ta ci gaba da matsar da masara. Na daka mata tsawa. Ta ce a hankali, "Naka ne, Yaya. Ina rama maka. Kada Inna ta buɗe guzurinta ta tarar da rami." Da zagina ta yi, ko ta ce za ta faɗa wa Kaka, da na san yadda zan yi da ita. Amma wannan maganar ta tsirara ni, kuma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na ce wa ya sa ki? Ke ce uwata? Na sa ƙafa na yi fatali da komai. Gwangwanaye biyu da jakunkuna biyu da ƙoƙon masara suka tarwatse, ƙwallon da aka karanta da wanda ba a karanta ba suka gauraye a cikin ƙasa, kaji suka rugo suka hau masarar. Talle ya tsala kuka. Hanne ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tana tsintar ƙwallayen ɗaya-ɗaya, tana duba kowanne kamar zai gaya mata daga inda ya fito.

Kaka ta sha koya mana cewa in mutum ya yi kokwanto a salla, ko raka'a uku ya yi ko huɗu, to ya gina a kan abin da ya tabbata. Hanne ta ɗauki wannan ƙa'ida ta ɗora a kan hailalar. Na ce mata ai kin san kin kusa gamawa, ki ƙiyasta mana. Ta ce ba a ƙiyasta wa Inna. Tun da ba ta da tabbacin komai, sai ta koma farko, kuma ba rabonta kaɗai ba, har da nawa. A kwanakin nan bakinta bai huta ba. Muryarta ta dishe, leɓɓanta suka tsage, tana tuƙa tuwo tana motsa baki, tana wanke tsummokaran Talle tana motsa baki. Ni kuwa, abin da har yau na kasa fahimta game da kaina, ban zauna na taya ta ba. Ganinta ma ƙona ni yake yi, sai na ƙara nisa da gidan, ina wuni a fadama.

Ranar arba'in da safe, ana ta hidimar waina da gumba, ta ja ni bayan rumbun nan. Ta ɗauki tsohon gwangwanina ta zubar da abin da ke ciki a juji, ta miƙo mini nata cike. Rabo ɗaya ta samu ta kammala. Ta ce, "Riƙe, Yaya. Wannan naka ne, na ba ka. In an tambaye ka ka ce ya cika, ba ƙarya ka yi ba." Na karɓa.

Cikin waɗanda suka zo akwai Iya, yayar Inna da ke aure a Hunkuyi. Tun ranar bakwai an yi magana cewa ita za ta ɗauki Talle, tana da mai shayarwa a gidanta. Ta so ta haɗa da Hanne, Kaka ta hana, ta ce yarinyar tana karatu, kuma a hannunta tarbiyya ba za ta lalace ba. Da mata suka taru a tsakar gida bayan an yi addu'a, Kaka ta so ta nuna wa dangin Inna cewa ba a yi sakaci da 'yarsu ba. Ta ba da labarin dubu saba'in, ta ajiye gwangwaninta, ta ce nata ya cika. Ta dube ni. Na ajiye wanda ke hannuna na ce, "Ya cika." Mata suka yi ta sa mini albarka, wata har ta ba ni waina biyu. Aka dubi Hanne. Ta ce da disasshiyar muryarta, "Nawa bai cika ba." Kaka ta ce saura nawa? Ta ce, "Da yawa." Iya ta tafa hannu ta ce, "To ga irinta nan. Namiji da ke yawon fadama ya tuna da uwarsa, 'ya macen da ke ɗaki ta kasa. Bokon nan ne ya cika mata kai da lissafin banza. Wallahi ba zan bar 'yar ƙanwata ta tashi haka ba." Kaka ta dubi Hanne da wani irin kallo da na san ya fi bulala ciwo. Ina tsaye da waina a hannu. Kalma uku ko huɗu za su isa. Ban faɗe su ba.

Da yamma Baba ya ɗaura ƙullin kayanta a bayan keke, ya raka su bakin hanya inda motar kasuwa ke tsayawa. Hanne na biye da Talle a baya, jakar ƙwallon tsamiya a hannu. Allonta na makaranta ta bar shi a jingine a ɗakin Inna. Washegari malaminmu ya tambaye ni ina take, na ce ta tafi Hunkuyi. Ya daɗe yana juya alli a hannunsa, sannan ya ce, "An yi asara." Ba ta sake shiga aji ba. Ni da aka bari na lallaɓa na gama firamare da kyar, ban wuce nan ba, na koma rake kamar Baba. Kaka ta rasu bayan 'yan shekaru, tana yi mini kallon jikan da ya cika wa uwarsa alkawari.

Hanne ta girma a Hunkuyi, ta yi aure a can, ta haifi 'ya'ya, ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli. Nakan je da salla ko in an yi haihuwa, in kai mata ɗaurin rake da mazarƙwaila. Ko ƙuli take shanyawa sai ka ga ta jera shi layi-layi, in ɗaya ya yi saura ta jefa wa yaron da ke kusa. Mukan gaisa doguwar gaisuwa, mu tambayi gida da gona da yara da gajiya, mu yi hirar ruwan bana da tsadar taki. Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, in na zauna a tabarmarta sai ta maƙale. Na yi wa Inna hailalar daga baya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina ganin kamar hakan ya wadatar. Bai wadatar ba, domin ba Inna kaɗai na cuta ba.

Sai bara waccan, da ciwo ya kwantar da ita, Talle ya zo da motarsa ya ɗauke ni, don yanzu direba ne a Ikara, da furfurarsa. Na same ta ta rame har ta koma kamar yarinyar nan ta bayan rumbu. Da aka bar mu mu biyu na ce, "Hanne, maganar gwangwanin nan..." Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Haba Yaya, ai ya cika tuntuni." Ta ce a watan farko da zuwanta Hunkuyi ta gama rabon da ya rage. Sannan ta jira. Talle ya yi jinkirin baki, sai da ya haura shekara biyu. Wata rana tana yi masa wanka ta yi ta maimaita masa hailalar, har ya kwaikwaya da gwarancinsa. Ta kwance tsumman nan ta ba kaza ƙwayar masarar. "Da ka ji yadda ya faɗe ta," in ji ta, tana dariya tana tari, "rabinta duk miyau ne." Na ce ki yafe mini. Ta ce, "Yara ne mu fa." Ban san ko wannan yafiya ce ko kuwa rufa mini asiri ta sake yi ba, kamar yadda take karkato mini allo. Bayan sati ta rasu. A hanyar dawowa daga jana'iza na yi lissafin da ko ni zan iya: rabon Kaka, da rabo biyu na Hanne, da ɗayan Talle. Guzurin Inna ya cika cif, kuma babu nawa a ciki.

Kwanan baya jikata, wadda aka sa wa sunan Hanne muke kiranta Ummi, ta zo hutu daga makarantar sakandare. Ta gan ni da ƙoƙon masara ina yi wa mai sunanta, ta tambayi nawa zan yi, na gaya mata. Ta danna lambar a waya, kafin in matsar da ƙwaya biyu ta fara karanto mini. Wai dubu saba'in cika ce. Wai in aka bi asalinta, biyu ce sau huɗu da biyar sau huɗu da bakwai guda aka ninka juna suka haife ta, shi ya sa ba ruwanta da uku. Wai lambobi hamsin ne ke raba ta ba saura, kuma in aka tara su ban da ita kanta sun fi ta yawa, don haka masana suka sa ta a jerin lambobi masu yalwa. Wai ba a iya jera ta murabba'i, tsawo daidai da faɗi. Wai in aka ƙara mata ɗaya tak sai ta koma irin lambar da ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ta faɗi sunan irin waɗannan da Turanci, na ce mu a gidanmu gwauraye ake ce musu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai na ce ta duba mini dubu ashirin da uku da ɗari uku da talatin da uku. Ta duba ta ce, "Kaka, wannan ma gwauro ne. Ba ya rabuwa ko kaɗan." Na ce mata na gode, na tashi kamar zan duba awaki.

Yanzu ba a jin ƙarar doki a fadama, inji ne mai shan mai. Yara ba su san cika ko mara ba. An kawo mini ɗan carbi na zamani da ake maƙalawa a yatsa ana dannawa, shi ba ya zubewa, ba a yin fatali da shi lissafi ya ɓace. Na ajiye shi a aljihun rigar salla. Abin da waya ta faɗa cikin ƙiftawar ido, wata yarinya ta gano rabinsa da masara da tsakuwa a gindin rumbu, da jariri a bayanta, kuma ba wanda zai taɓa sanin inda za ta kai da an bar ta da allonta. Rumbun ya rushe, tsamiyar makaranta an sare ta. Nakan zauna da hantsi a inda tabarmar take, in matsar da ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ina zuba ruwa a baki. Mu uku muka raba lambar nan, ni ne ɗayan da ya yi saura.